Mushe Lawali da Tukunyar Tabita

Tun rana ba ta gama ɗagowa ba, masu wanki a bakin kogin Isa, nan unguwar Gaweye, sun san wanda zai fara wucewa. Tsoho ne siriri, da farar riga wadda sabulu ya cinye wuyanta. Tura kekensa yake yi, ba ya hawa, don abin da ke ɗaure a baya ba ya son gargada. Ƙwarya biyu ce manya, gyartai ya haɗa bakinsu ya ɗinke, shi kuma ya zana ƙasashe da tekuna a jiki da shuni da jar ƙasa. Tun ranar da ƙwallon taswirar duniya na lakwal, wato makarantar boko, ya faɗi ya tsage, da wannan yake koyarwa.

"Fofo, Mushe! Duniya ta kwana lafiya?"

"Lafiya lau," in ji shi, "sai dai gara ta ɗan taɓa ƙasar Hindu."

Wannan shi ne Malam Lawali, mutumin Tawa, wanda yara ke kira Mushe kamar yadda ake kiran malaman lakwal. Shekara talatin yana tsaye gaban tabulo, baƙin allon aji, tun zamanin Nasara har muka samu tutarmu, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye alli. Ba a taɓa faɗin sunansa a rediyo ba.

Musa mai fito ya ce wata safiya Malam ya kawo ajinsa bakin ruwa, ya jera su can nesa da gaɓa, ya ce kowa ya rufe ido. "Ku saurara. Irin ƙarar nan mutanen Masar suka ji a bakin Nilu kafin su ɗora dutse kan dutse. Ita mutanen Sin suka ji a bakin nasu kogin. Duk inda ruwa ya zauna, mutum ya zauna, ya shuka, ya gina, ya fara rubutu." Musa ya ce shi ma sai ya rufe ido, har masu jiran ƙetarewa suka yi ta ƙwala masa kira bai ji ba.

Amma akwai wadda ta taɓa rantsewa sai ta raba ƴarta da ajin nan. Sunanta Tabita, ƴar Dogon Dutsi, kuma ita ce ke riƙe da alƙalamin nan, ba za ta ɓoye ba.

Shekara biyu ke nan da faruwar abin. Maigidanta na kwance ba lafiya, aiki ya tsaya. Wata uku tukunyarta ba ta ga nama ba, sai tuwon hatsi da miyar kuka, rana da dare. Ba wanda ya sani, don ko maƙwabciya ta shigo, murfi na rufe. Sai ga ƴarta Rebeka ta dawo da kaye, littafin rubutunta, a hannu.

"Inna, Mushe ya ce kowa ya rubuto duk abin da ke cikin tukunyar uwarsa. Gobe za a karanta a gaban aji."

Muciya ta tsaya a hannun Tabita. Ta hango ƴaƴan manyan ma'aikata suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya: shinkafa, naman rago, tumatir. Ta hango Rebeka tsaye da ƴar takardarta, dariya na tashi daga bencin baya.

"Tukunyar tawa? A gaban aji? Ajiye kayen nan. Daga yau kin gama lakwal."

Rebeka ta yi kuka har ta gaji. Washegari Tabita ta goya ƙanen Rebeka, ta ja yarinyar, suka tare Malam a ƙofar lakwal yana kwance ƙwaryarsa daga keke.

"Baba, ina kwana. Na zo in ji, karatu na kawo ƴata ko tonon asiri? Wane ɗan mutunci ke leƙa tukunyar matar wani?"

Ya dube ta. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Uwar Rebeka, kin yi gaskiya. Ni tsohon banza, ina can ina yawo a teku, na manta da murhu. Ba za a faɗi sunan kowa ba. Amma raɗa mini, ni kaɗai: me ke ciki?"

Da ƙyar ta ce, "Hatsi. Kuka. Daddawa. Gishiri. Ɗan tanka, in an samu."

Fuskar tsohon ta washe kamar an ce masa ga saƙo daga gida. Ya zauna a gindin bango, ya ɗora ƙwaryar a cinya, ya fara juya ta a hankali.

"Tankan nan, barkonon miyarki, baƙo ne. Shi da tumatir da gujiya, wato gyaɗa, da rogo, daga nan suka taso, bayan wannan babban ruwa, cikin jiragen da suka kwashi mutanenmu suka kai can. Masara ma ƴar can ce. Ki ji sunanta, kamar ta biyo ta Masar kafin ta iso mu. Shayin da manya ke taƙama da shi, ganyen Sin ne. Gishirinki kuwa, raƙuma suka ɗauko shi daga Bilma, kwana da kwanaki cikin rairayi, an kafa garuruwa saboda shi, an yi yaƙi saboda shi." Yatsansa ya tsaya a kan wani wuri da jar ƙasa ta shafe. "Amma hatsi namu ne. Masana sun ce a irin ƙasarmu wasu mata suka fara zaɓen ƙwayarsa daga ciyawar daji, shekaru dubbai da suka wuce. Daga nan ya tafi, hannu zuwa hannu, har ƙasar Hindu. Yanzu haka da muke magana akwai wata uwa a can tana surfensa, ba ta san daga wajenki ya zo ba."

Tabita ta tsinci kanta tana kallon wurin da gara ta ci a ƙasar Hindu. Sai ta ga kamar hayaƙin wani murhu na tashi daga ciki, da wata mace mai goyo irin nata tana gyara itace. Ba ta san lokacin da ta saki hannun Rebeka ba.

A ranar an karanta takardu babu suna. Kadi mai ƙosai, wadda ke jin komai ta tagar aji, ta ce da aka zo kan ta hatsi da kuka Malam ya ɗaga ta sama ya ce, "Wannan ita ce tukunya mafi tsufa a ajin nan. Sauran duk baƙi suka tara." Rebeka ta miƙe ba a kira ta ba. "Mushe, ta innata ce."

Bana ta ci jarrabawar sartifika. Ta ce ita ma tarihi za ta koyar.

Malam Lawali, mai duniya a bayan keke. Kai ne ka karɓi faɗan yarinyar da ka haifi kamarta, ka ce ta yi gaskiya. Kai ne ka nuna wa ƴaƴanmu Rum da Sin da Masar ba tare da ka sa sun raina ƙofar gidansu ba. Ga gada ana ginawa a kan Isa, yaran nan za su ƙetare su tafi nesa, inda mu ba za mu iya tsare su ba. Abin da ka zuba musu shi zai tsare su. Allah ya saka, ya ba ka hutu mai daɗi da lafiyar ƙafa.

Ku kuma samarin malamai da za ku karɓi allinsa, ku koya wa yara sarakuna da yaƙe-yaƙe, amma ku tuna kowane yaro daga gindin wani murhu ya taso, kuma uwarsa na da abin da take rufewa.

Ranar da za ka ajiye aiki, Baba, Tabita za ta kawo maka tuwon hatsi da miyar kuka. Daga gidanta a Zongo har ƙofar lakwal za ta ɗauko shi a ka, kuma ba za ta sa murfi ba.