Filashin Aro

Ni mace ce mai saurin hannu da saurin baki, duk wanda ya zauna a ajina na lissafi zai shaida. Ina faɗin haka tun farko don kada wani ya ɗora wa kwamfuta laifin da ba nata ba, ko da yake ita ma tana da nata kason.

Laftof ɗina tsohuwa ce, wani ɗan'uwa ya bar mini. Da ta ishe ni da jinkiri sai na kai ta kasuwar Kafanchan wurin wani mai gyara da kowa ke kira Malam. Dattijo ne mai furfura a gemu, kakanninsa 'yan kasuwa ne a garin nan tun jirgin ƙasa yana da kuzari, kuma ba ya gaggawa ko da rumfarsa ce ke cin wuta. Shi ya cire mata tsarin da ta zo da shi, ya saka wani na kyauta, irin wanda mutane daga ƙasashe dabam-dabam suke haɗa hannu su rubuta, ba mai cewa nasa ne shi kaɗai. Ta farfaɗo kuwa.

Ranar ya yi mini bayani, ina jin sa da kunne ɗaya. A wannan tsarin kowace manhaja tana zuwa ne a ƙunshe, ƙunshin ake kira fakej. Fakej ba ya tsayawa shi kaɗai. Wannan yana jingine da wancan, wancan da wasu biyar, kuma dole su zama sa'o'in juna. In aka kawo sabo aka cusa cikin tsofaffi, rigima ce. Na ce na gane. Abin da na gane kawai shi ne laftof ɗina ta daina ɓata mini rai.

A wasu wurare, in ji Malam, mutum yana zaune a ɗakinsa kwamfuta za ta jawo sabbin fakej da kanta. Mu a nan datarmu ba ta kai nan ba, sabis kuma ya zo ya tafi. Sai Malam ya fito da tasa dabara. Duk lokacin da ya je Kaduna sayayya, sai ya sauke fakej ɗin gaba ɗaya a filash, ya dawo ya rataye a ƙusa bayan ƙofar rumfa. Malaman makaranta da sakatarorin coci da masu shagon buga takardu, duk mun san ƙusar nan. Ka ara, ka sabunta, ka mayar. Filash biyu ne, ɗaya an naɗe shi da jan salatef, ɗaya da baƙi, kuma Malam da hannunsa yake miƙa wa kowa nasa. Ni baƙin ake ba ni kullum. Ban taɓa tambayar dalili ba.

Abin da ke cikin laftof ɗin ya fi laftof ɗin daraja. Wan mahaifina, wanda muke kira Baba, shi ne shugaban mawaƙa a cocinmu na Kagoro tun ba a haife ni ba. Ya tsara waƙoƙi da yawa, wasu da Hausa, wasu da yarenmu, ya rubuta su da solfa, wato haruffan da ke nuna sautin waƙa, a littattafan rubutu na 'yan makaranta, murya huɗu, kowace da layinta. Da idonsa ya fara dushewa sai ya ɗaure littattafan da igiya ya ba ni in buga. Malam ya samo mini wata ƙaramar manhajar solfa. Damina biyu da rani biyu na yi ina bugawa, kowace Lahadi bayan sujada, ina kwafar d, r, m da ɗigogi yadda nake kwafar lambobi. Ni ba mawaƙiya ba ce. In na ɗaga murya a coci, ta kusa da ni takan matsa.

Da na gama sai na zuba littattafan a kwali na tura ƙarƙashin gado. Can gara ta same su. Ranar da na jawo kwalin, ƙasa ce ta zubo da guntun takarda. Na share, na kwashe, na zubar, ban gaya wa kowa ba. Na ce wa kaina ai suna cikin kwamfuta, kuma har da ɗan alfahari na faɗa.

Sai dattawan ikilisiya suka yanke cewa Baba zai sauka daga shugabancin mawaƙa, za a yi masa sujadar godiya, a buga waƙoƙinsa a littafi guda a raba. Aikin buga littafin nawa ne. Na gwada fitar da shafi ɗaya, sai na ga manhajar tana yanke layin bas, wato na muryar maza mai kauri, a ƙasan takarda. Na kira Malam, ya ce an gyara wannan matsalar, gyaran yana cikin filash, in zo in karɓa.

Na je ranar Alhamis, ana yayyafi, na tarar ya tafi Kujama gaisuwar rasuwa. Maƙwabcinsa mai sayar da wayoyi ne ke riƙe da makulli, ya san ni, ya buɗe mini. Filash ɗaya ne a ƙusa, mai jan salatef. Wani ya riga ni aron baƙin. Na tsaya, na duba, na san sarai ba shi ake ba ni ba. Amma na biya kuɗin mashin, takalmina ya jiƙe, kuma kwana biyu na jira sun yi mini yawa. Na ce filash ai filash ne, na jefa a jaka.

A gida na soka shi. Rubutu ya cika allo, dogon jeri da Turanci: za a saka kaza, za a sauya kaza, za a cire kaza da kaza. A ƙarshe ta tambaye ni, e ko a'a. Ni da na shekara ashirin ina yi wa yara faɗa kan su karanta tambaya har ƙarshe kafin su ɗauki biro, ban karanta ko layi uku ba. Na danna e.

Ta yi ta aiki, layuka na gudu, na je na ɗora ruwan tuwo na dawo. Na tarar ta tsaya. Ta ce wani fakej yana neman wani ɗan'uwansa sabo, wanda ke nan kuma tsoho ne, shi tsohon ba zai fita ba don wasu suna riƙe da shi. Ban gane komai ba, amma na ga manhajar solfa tana cikin waɗanda aka riga aka sabunta, ita kuma nake so. Na buɗe ta. Ta fito da sabuwar fuska, ta ce tana so ta juyar da ma'ajiyar waƙoƙi zuwa sabon salo, e ko a'a. Na sake danna e. Layin ci gaba ya kai tsakiya, sai ta rufe kanta ɗif. Na sake buɗewa, shiru. Na kashe laftof ɗin na kunna, sai baƙin allo da fararen haruffa. Ruwan tuwon ya tafasa har ya ƙone a tukunya.

Ranar Asabar Malam ya dawo. Ya saurare ni har ƙarshe, ya duba filash ɗin, ya duba ni.

“Malama, jan na masu sabon tsari ne. Naki tsohon ne. Kin zuba masa kayan da ba nasa ba.”

“To me ya sa ba ka rubuta a jiki ba?” na ce, da murya sama.

“Ban rubuta ba, gaskiya ne,” ya ce. “Amma ni nake bayarwa.”

Ya ce tayar da laftof ɗin ba wuya, kafin la'asar zai gama, takarduna duka suna nan. Matsalar ma'ajiyar waƙoƙin ce. An fara juya ta ba a gama ba, rabi sabon salo, rabi tsoho, don haka tsohuwar manhaja ba ta gane ta, sabuwar ma ba ta gane ta.

“Kina da kwafi a wani wuri?”

Na girgiza kai.

“Ba komai, a sake bugawa daga littattafan Baba. Wahala ce kawai.”

Na kau da kai ina kallon ƙusar bayan ƙofa. Ya cire tabaransa ya ajiye a tebur, bai ƙara tambaya ba. Na gode masa a raina har yau.

Kwanakin nan na yi su cikin fushi, kuma fushin bai sami inda zai sauka ba. Da kamfani ne ya sayar mini da abu, da na san ofishin da zan je in buga tebur. Wannan ba wanda ya sayar mini, ba wanda ya yi mini alkawari. Har gargaɗi kwamfutar ta yi mini, sau biyu, na ƙi karantawa. Amma ban yafe mata gaba ɗaya ba. Abin da zai taɓa aikin mutum na shekara biyu, ya kamata ya fara ajiye kwafi a gefe kafin ya sa hannu, kuma ya yi magana da harshen da malamar lissafi za ta gane.

Malam ya rubuta wa masu kula da manhajar, a dandalin da suke tattaunawa. Ni ban sa rai ba. Bayan kwana huɗu wani ya amsa, mutumin da ban san sunansa na gaskiya ba, ban san ƙasarsa ba. Malam ya ce mutumin nan kaɗai ne ma ya rage yana kula da ita, in ya tashi daga aikinsa na cin abinci. Ya nemi a aika masa fayil ɗin, ya ba da haƙuri, ya ce zai sa manhajar ta riƙa ajiye kwafi nan gaba. Haƙurin nan ya fi zagi zafi a wurina. Na yi niyyar faɗa, sai aka ba ni haƙuri kan laifin da rabinsa nawa ne.

Mutumin ya dawo da fayil ɗin a gyare. Yawancin waƙoƙin sun fito lafiya, har layin bas. Tara ne suka lalace, waɗanda juyin ya tsaya a kansu. Sunayensu na nan, cikinsu kuwa tarkacen alamomi.

Ba yadda zan yi, na shiga mota zuwa Kagoro. Na sami Baba a gindin mangwaro, dutsen Kagoro da ke bayansa ya yi kore shar da damina. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai, gara da filash da e ɗin da na danna sau biyu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

“Ka tashi, Malama,” ya ce, da Hausarsa wadda ba ta bambanta mace da namiji. “Ƙasan yana da sanyi. Ka karanta mini sunayen.”

Na karanta ɗaya bayan ɗaya. Kowace na kira sai ya kaɗa hannu. Wannan matan zumuntar coci sun iya. Wannan ana yin ta kowace Kirsimeti. Wannan a tambayi tsohon mai rera muryar teno, yana nan bai mutu ba. Har ya fara tsokanata, wai kwamfuta ya ci waƙa bai ƙoshi ba. Takwas suka wuce haka, kuma cikin mako biyu mawaƙa suka rera mini su murya-murya, na rubuta.

Da na kira ta tara, hannunsa bai motsa ba. Waƙar da ya tsara ce lokacin da matarsa ta rasu. Ni ina makarantar kwana a lokacin, ban zo biso ba. Ya ce sau ɗaya aka rera ta, a bakin kabari, shi da abokansa uku, ukun nan duk yanzu sun riga mu gidan gaskiya. Bai taɓa koya wa mawaƙan coci ba. Ya rubuta ta, ya rufe littafin, ba ya son buɗe shafin.

“Amma ai ka buga shi,” ya ce. “Ka gani da idonka. Yaya yake tafiya?”

Na buga ta kam, da yatsun nan, ɗigo bayan ɗigo. Na tuna shafin ma, tawadarsa shuɗiya ce. Amma ban ji ta ba. Haruffa na kwafa, ba su taɓa zama sauti a kaina ba. Na gaya masa haka.

Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ɗauko ta a hankali. Layin farko ya fito cikakke, da murya mai rawa amma ba kuskure. Ya ja numfashi zai shiga na biyu, sai ya tsaya, bakinsa a buɗe. Ya koma farko. Ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Sau huɗu ya yi haka, ina rubuta layin guda ina sake rubutawa don kada in ɗaga kai.

“To,” ya ce. “Ka sa wannan ɗin. Ka bar sauran wurin.”

Haka littafin ya fita. Shafin yana da suna da layi ɗaya na solfa, sauran fari fat. Mai shagon bugawa ya kira ni ya ce akwai kuskure, na ce ya bar shi. An yi sujadar godiya, an yi ta kaɗe-kaɗe, mutane sun yaba aikina, na karɓi yabon don ban san yadda zan mayar ba.

Lalataccen fayil ɗin yana nan wurina, kwafi uku a wurare uku. Mutumin nan na nesa ya ce ba ya jin akwai abin da ya rage a ciki, amma kada in jefar. Baba ya ji wannan maganar ya riƙe ta. Yanzu idonsa ya tafi gaba ɗaya, da tafiyata yake gane ni. Duk ranar da na je, in mun gama gaisuwa, ya tambayi yara da aiki, sai ya juyo da fuskarsa wajena.

“Malama, kwamfutan ya tuna?”

Nakan ce, “Tukuna, Baba.”