Gayyar Lissafin Malam Balarabe Ɗantani da Ta Wanke Lado

Duk mai bin hanyar Tiga da sassafe yakan ji babur ɗin Malam Balarabe Ɗantani kafin ya gan shi. Tsohon babur ne mai tari, an ɗaure kwandon littattafai a bayansa da roba. Malam yakan tsaya wajen mai koko su gaisa, sannan ya bi ta bakin kanal, wato magudanar da ke kai ruwan dam gonakin rani. Idan ya zo daidai sandar awon ruwa sai ya rage gudu, ya leƙa ya ga inda ruwa ya kwana, ya wuce. Ba aikinsa ba ne. Shi malamin lissafi ne a wata sakandare ta ɓangaren Bebeji, kuma a ƙarshen wannan zango na 1996 ya ajiye alli.

Ni ba maroƙi ba ne, ban kuma iya shafa wa mutum mai a baki ba. Mun yi yawan yabon masu manyan riguna har yabo ya zube daraja. Amma wanda ya ga alheri ya yi shiru ya ci amana, shi ya sa zan faɗi abin da idona ya gani a ranin 1988.

A shekarar nan ruwa ya riƙa yi wa mutanen ƙarshen wani reshe na kanal wasan ɓuya. Yau ga shi, jibi ya ragu, wani lokaci ya ɗauke ƙaf har tumatir ya sunkuyar da kai. Wadda abin ya fi ci ita ce Tasalla, dattijuwar da gonarta ce ta ƙarshe, kuma da ita take ciyar da jikoki. Mutane ba su yi wata-wata ba suka ɗora laifin a kan Lado, mai buɗe ƙofar ruwa a bakin reshen. Aka ce rufewa yake yi don ya faranta wa wasu manyan manoma. Babu wanda ya gani, kowa ji ya yi an ce. Lado ya zama idan ya yi sallama a majalisa sai a amsa ciki-ciki. Ofishin ruwa ya ba Injiniya Lawal, mai kula da reshen, wa'adin ƙarshen wata: ko ya gano inda ruwan yake ɓata, ko a sallami Lado.

Injiniya yana da awon kowace rana daga sandunan da ke jere tun daga ƙofar Lado har gonar Tasalla, ya kuma san lissafin da zai fito da gaskiya. Sai dai kwamfutar da za ta yi shi tana Kano, layin masu jiranta kuwa ya wuce wa'adin, shi kaɗai da hannu kuma sai damina ta sauka bai gama ba. Ya ɗauki takardun ya nufi gidan amininsa Malam Balarabe.

Yadda Malam ya bayyana mana abin shi ne, hawa da saukar ruwan nan kamar kiɗan taro ne. Kalangu na yi, ganga na yi, kai kuma hayaniya ɗaya kake ji. Akwai lissafin da ke ware kowane kiɗa daban, ya ce ga ragin da ke dawowa duk kwana kaza, ga kuma ƙarfinsa. Idan an yi wannan a kwance, sanda bayan sanda, sai a sake yin sa a tsaye, daga saman kanal zuwa ƙarshensa, a ga inda ragin yake farawa. Aikin ba wuya gare shi ba, yawa gare shi. Malam ya ce to ai gonar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya gayya ake kira mata.

Haka kuwa ya yi. Ya raba goro gida-gida ga duk mai kalkuleta da ya san ninkawa. Mu takwas muka hallara a ajinsa ranar Asabar da hantsi, matarsa Asma'u ta aiko da ƙwaryar fura da dambu kamar dai gayyar gona. A cikinmu akwai Habu mai shago, wanda kalkuletarsa ba ta aiki sai ta ga rana, don haka aka ba shi bakin taga, ana ta tsokanarsa wai ya zo da ƙadangare. Akwai Malama Barakatu ta asibiti. Akwai kuma babbanmu, Alhaji Maikano, tsohon malamin sikelin gyaɗa, kakan Barakatu, wanda ya zo da alƙalaminsa mai koren tawada yana cewa a zamaninsu da ka ake lissafi, ba da wannan abin wasan yara ba. Barakatu ta ce masa ai shi ya sa manoman zamaninsu ba su taɓa yin ƙiba ba. Ya ce ya sake ta saki uku, ta ce dama ta gaji da tsohon miji.

Malam ya raba babbar takardar awon gida takwas daidai wa daida, kowa da sandunansa, kowa da lambarsa daga ɗaya zuwa takwas bisa jerin kanal. Da Habu ya ce a rage wa Alhaji saboda shekaru, Malam ya ƙi. Ya ce duk abin da aka rage wa wani, wani aka ƙara wa, kuma gayya ba ta tashi sai na baya ya kai ƙarshen kunyarsa. Ya ba kowa jadawalin lambobin da zai riƙa ninkawa da su, aka duƙufa. Ranar nan aka gama na kwance.

Washegari aka zo musaya, kuma nan ne gwanintar take. Kowa ya sa almakashi ya yanka takardar sakamakonsa gida takwas, ya riƙe guda, ya miƙa wa kowane ɗan'uwa guda. Ta haka kowannenmu ya samu yanki daga kowane ɓangare na kanal. Aka ce kowa ya jera nasa daga sama zuwa ƙasa, ya soke da fil, ya yi lissafin tsaye. Malam da Injiniya suna can gaban allo suna shirin haɗa amsa.

Bayan azahar amsa ta fito, ta ce ragin daga saman kanal yake farawa, wato daga ƙofar Lado.

Lado yana zaune a waje gindin darbejiya tun safe, hula a gwiwa, ko furar da aka kai masa bai taɓa ba. Injiniya ya fara tattara takardu jiki a sanyaye. Wani a cikinmu har ya fara cewa dama ruwa ba ya tsami banza.

Kai ne, Malam Balarabe, ka ce babu mai fita. Ka ce abincin mutum da mutuncinsa ba a yanke su da amsar da ba a bi sawunta ba. Ka bi tebur-tebur kana ɗaga takardun da aka soke. A tebur na farko koren rubutu ne a sama, a na biyu ma haka, har ka zagaye takwas ɗin. Yankin Alhaji Maikano kuwa na tsakiyar kanal ne, lamba biyar.

Malam ya tsaya gaban Barakatu ya tambaye ta me ya kai lamba biyar sama da lamba ɗaya.

Ta ce, "Malam, ina ni ina ɗora takardar wani a kan ta Alhaji?"

Habu ya ce shi ma abin da ya gani ke nan. Babu wanda ya shawarci wani, amma duk mun jera yankunan bisa shekarun masu su, Alhaji a sama, mai bi masa a ƙasansa, har zuwa autanmu. Shi kansa Alhaji tasa ya ɗora a sama, yana ganin haka tsari yake. Ladabi ya ɗauko tsakiyar kanal ya kai ta bakin ƙofar Lado.

Malam ya je ya durƙusa gaban tsohon, ya ce, "Baba, a zaure kai ne na farko, a masallaci kai ne sahun gaba. Amma a kanal, don Allah ka yi haƙuri, kai ne na biyar."

Alhaji ya dube shi, ya dubi taron, ya ce, "To ku sauke ni mana. Girman da zai kori bawan Allah daga aiki, ku riƙe kayanku."

Dariya ta ɓarke har Lado ya leƙo ta taga. Aka zare fil, aka sake jeri bisa lamba, aka maimaita na tsaye. Kafin la'asar sakaliya amsa ta fito fes. Ragi iri biyu ne, duka daga tsakiyar kanal suke tashi, ɗaya duk kwana biyar, ɗaya duk mako. Injiniya ya gane su nan take. Masu alkama ne ke ban ruwa duk kwana biyar, masu albasa kuma washegarin kasuwa. Kowannensu haƙƙinsa yake ɗiba, babu ɓarawo. Amma duk mako biyar sai ranakun su haɗu, ruwa ya ƙare kafin ya isa wajen Tasalla. Aka zauna da ɓangarorin biyu gaban mai unguwa, masu alkama suka yarda su riƙa jinkirta kwana ɗaya idan an yi karo. Shi ke nan maganin.

Lado ya ci gaba da aikinsa. Da tumatir ya nuna, Tasalla ta ɗauki kwando guda a ka ta kai har ƙofar ruwa, ta ce ya yafe mata, domin da bakinta aka zage shi. Sauran da suka yaɗa maganar ba su je ba, kuma sun san kansu. Zato zunubi ne, ballantana wanda ya tashi ƙarya.

Bayan shekaru, da makaranta ta samu tsofaffin kwamfutoci uku, Malam ya sa su irin wannan gayyar. Ya raba musu awon ruwan sama, kowace ta yi nata, ya yi musu musaya da faifan kwamfuta, su sake yi. Yakan ce daɗin aiki da su ɗaya ne, ba su san wadda ta girmi wata ba.

Malam Balarabe, angon Asma'u, sarkin gayyar da babu garma. Kai ne ka nuna mana cewa babban aiki rabo yake so da adalci, kuma ka iya faɗa wa dattijo gaskiya a durƙushe ba tare da ka rage mata komai ba. Mun gode. Allah Ya sa hutun nan ya zo da lafiya, Ya saka maka da mafificin alheri.

Ku kuma masu riƙe da alli da masu riƙe da ofis, ku daina ƙanƙame aiki ku kaɗai don a ce ku ne, ku daina sa hannu a kan amsar farko don kuna saurin tashi. Ku kira mutane, ku ba kowa kasonsa, ku koma ku bi sawu.

A walimar sallamar Malam, Alhaji Maikano, wanda har yau ake kira Na Biyar kuma yana amsawa, shi ya buɗe da addu'a. Ana cikin zama Lado ya shigo ya yi sallama, taron duka ya amsa masa da ƙarfi, aka matsa aka ba shi wuri a tabarmar gaba.