Hotuna Uku na Sambo Direba

Shanu nawa kake jin za su sayi babbar mota, ko da tsohuwa ce? A shekarar da aka samu mulkin kai, Sambo ɗan Jumare na Kebbe ya ba da amsa: ashirin da uku, har da bijimin da marigayi ubansa ya ce kada a taɓa. Ya kora su kasuwar Tambuwal, ya wuce Sakkwato, ya dawo da mota mai bodin katako. Tuƙi dai ya iya, don ya daɗe yana karen mota. Matarsa Zahara'u ta leƙo ta ga abin da garkensu ya koma, ta ce, "Malam, wagga ba ta haihuwa fa." Ya ce ta jira ta gani.

Kuma motar ta haihu. Gero da dawa zuwa Tambuwal, gishiri da kananzir zuwa Kebbe. Na yi masa lodi ba sau ɗaya ba. Buhu sittin take ɗauka, kuma a kowane buhu Sambo yana rage sisi daga abin da sauran masu mota ke karɓa. Wannan sisin ne ya jawo masa.

Hanyar ta jar ƙasa ce. In an yi ruwa, doka ta hana mota hawa sai ta sha iska, don taya na farke ta kamar garma. Masu gadin shingen tare hanya kuwa goro biyu ya ishe su su ɗaga sanda. Sai masu kula da hanya suka ba da aikin kwangila. Za a kafa tuta a bakin gari, ja a tsaya, koriya a wuce. Wanda ya ƙetare ja, a ɗauke shi hoto a kai kotu. Kashi ɗaya cikin uku na tara na ɗan kwangila ne. Laifi na uku, a riƙe mota har ƙarshen damina. Ni mai son abu a tsare ne, tsarin ya burge ni ƙwarai.

Wanda ya ci kwangilar shi ne Ɗangiwa, mai motoci biyu a kan wannan hanyar. Ya ɗauko Na'iya mai hoto da akwatinsa mai ƙafa uku da baƙin zanen da yake lulluɓa in zai ɗauka, ya kuma ɗauki mai sauya tuta. Tutar kuma ya kafa ta dab da rijiyar da ake shayar da shanu, inda ƙasa ba ta rabuwa da laka ko an yi mako ba ruwa. Koren ƙyallen da ya zaɓa mai duhu ne sosai.

Wata Laraba da hantsi, sama tas, tuta koriya, Sambo ya taso da gishiri. Na'iya ya ɗaga masa hannu.

"Sarkin hanya, sai wucewa ba gaisuwa? Mota kamar wagga ko hoto ba ta da shi?"

"Nawa kaka amsa?" in ji Sambo.

"Ni da kai? Kyauta. Ku Fulani ko madubi ba ku saye, bari in taimake ka ka ga kanka."

"Ku da kuka shiga baƙin zane da rana tsaka, ku a abin tausai," in ji Sambo yana dariya. Ya sauko.

Na'iya ya sa shi ya gota tutar kaɗan, wai nan haske ya fi. Na farko da hula, hannu bisa goshin mota. Na biyu ya ce ya saka babbar rigar da yake ajiyewa bayan kujera don Juma'a, ya kuma matsa da motar. Na uku ya naɗa rawani, ya leƙo ta taga yana riƙe da sitiyari. Duk ukun bakinsa har kunne. Ya ba Na'iya goro, ya tafi yana busa oda.

Sammaci ya riga hoton zuwa. A kotu aka jera hotunan uku gaban alƙali.

"Wanga kai na?"

"Ni na, Allah gafarta Malam. Amma tutar koriya ta, kuma rana guda anka ɗauke su."

Ɗangiwa ya gyara zama. "Rana guda da tufa uku? Allah gafarta Malam, ko ango bai haka. Dubi laka ƙarƙashin taya. Dubi haƙoransa, doka yaka yi wa dariya."

Alƙali ya kanga hoton a haske. Hoto fari da baƙi ne, tutar ta fito baƙa-baƙa, irin yadda ja ke fitowa. Makiyayan da ke bakin rijiya ranar tuni sun yi gaba da shanunsu. Sambo ya roƙa a ba shi rantsuwa, aka ce ga shaidu biyu, Na'iya da mai sauya tuta, rantsuwar me kuma. Tara uku, mota a riƙe.

Ta kwana a fili damina guda. Tayoyi huɗu suka sace, katako ya sha ruwa ya ruɓe, kaji suka yi ƙwai a kujerar direba. Da kaka Ɗangiwa ya saye ta a kuɗin shanu biyar, tara ta ci biyu. Kuɗin buhu ya koma yadda yake, har da ƙarin sisi. Na'iya da bakinsa yake ba da labarin a rumfar mai shayi, yana kwaikwayon yadda Sambo ya gyara rawani.

Sambo ya koma kiwon shanun mutane a dajin Kebbe, ana biyansa da nono da ɗan gero. Bai sake taɓa sitiyari ba. Sau ɗaya ya je wurin Na'iya, ya ce tunda kyauta aka yi masa, a ba shi ko guda ya kai wa yara. Na'iya ya ce ɗauka ce kyauta, wanki sule biyu. Ya biya, ya zaɓi mai babbar riga.

In kana shakka, abin ba tsada. Sami ƙyalle ja da kore mai duhu, ka rataya su a igiya ɗaya, ka sa mai hoto ya ɗauke su fari da baƙi. Ka miƙa wa mutum goma, ka ƙirga nawa za su nuna maka jan.