Kiret Uku na Ƙwai

Har yau idan na buɗe firiza sanyin ya bugi fuskata, sai na ɗan tsaya kafin in miƙa hannu. Bari in gaya maka dalili.

Ina 'yar shekara tara muna haya a Dei-Dei, bayan kasuwar katako inda Baba ke tuƙa motar kaya. Da daminar nan Mama ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa. Aka ce ran Litinin za a kwantar da ita asibiti a yi mata aiki a ciki. Ran Asabar da safe sai ga ƙawayenta biyu da kiret uku na ƙwai. Ɗaya matar mahauci ce, muna ce mata Gwaggo. Ɗayar maƙwabciyarmu ce 'yar Filato mai shago, muna ce mata Anti. Egrol suka zo yi, dafaffen ƙwai da ake naɗewa cikin kwaɓin fulawa a soya. Shi ni da ƙanwata muke tafiya da shi makaranta.

Aka shimfiɗa tabarma a baranda, ruwa na dukan kwano. Anti na kwaɓi, Gwaggo na suya, ni ina ɓare ƙwai. Mama ta jingina da bango, ta nace ita za ta naɗe.

"Ka je ka kwanta mana," in ji Anti, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Bar ni. Na hannuna suka saba ci."

Kowanne sai ta rufe bakinsa da babban yatsa, ya bar ɗan rami. Na dubi tulin da ke cikin roba.

"Mama, ai sun yi yawa. Ba sati biyu za ki yi ba?"

Gwaggo ta juya baya, ta ce mai ne ya fallatsar mata a ido. Mama ta ce, "Ɓare ƙwanki."

Da suka huce aka ƙulla su bibbiyu a leda, aka jera a firiza har baki. Mama ta nuna min yadda zan ɗumama a kasko, ta sa na maimaita sau uku a gabanta.

Kwananta tara a asibiti ta rasu.

Bayan 'yan gaisuwa sun watse muka koma makaranta. Kullum da safe in ciro leda ɗaya. Ƙanwata ta cinye nata, ni kuwa in faki ido in mayar da nawa, don kada su ƙare.

Ana haka taransifomar unguwa ta ƙone. Baba yana hanya ya kai kaya. Na rufe firizar da bargo, na hana ƙanwata buɗewa, ina zaton sanyin zai riƙe. Ban gaya wa kowa ba. Rana ta huɗu wari ya kai har tsakar gida. Anti ta shigo ta ɗaga murfin, ta dafe kai.

"Ina da janareto a shago! Me ya sa ba ka yi magana ba?"

Tsoro nake kada a fitar da su daga ɗakin.

Baba da ya dawo bai yi faɗa ba. Bai kai su bola ba kuma. Ya ari shebur ya haƙa rami a bayan ɗaki, ya zuba su leda-leda. Yana turo ƙasa ina hango ramin yatsan Mama ta cikin leda.

Yanzu na girmi Mama da shekara biyu. Gwaggo ta rasu, Anti ta koma garinsu. Ina zaune a bene, ban san sunan matar da muke haɗa bango ba. Bara likita ya sa ranar da za a yi min aiki a asibiti. Na zauna da waya cike da lambobi, ina neman mata biyu da za su bar harkarsu su yini a gidana. Na duba daga sama har ƙasa. Daga ƙarshe wata mai sayar da abinci na kira, na yi wa yarana oda.