Kansila Labbo da Kwalbatin Tungar Marke

Duk wanda ya san marigayi Labbo, da jiƙaƙƙen wando ya san shi. Ni kuwa na fi ku shan wahalar wandon nan, don ni aka haɗa benci ɗaya da shi a majalisar ƙaramar hukumarmu, bayan an yi mana jihar Zamfara mun ci zaɓen kansiloli. Jam'iyyarmu ba ɗaya ba ce, amma duk ranar zama tare muke tashi da danshi.

Ga waɗanda ba su san Tungar Marke ba, rafi ne ya raba ta da titi. Da rani yashi ne zalla. Da damina kuwa sai ya cika ya batse, ba mota ba babur. Marar lafiya ko mai naƙuda sai dai ƙarti su saɓa a wuya su haye, in ruwan ya yi ƙarfi a zauna bakin gaɓa a jira ikon Allah. Labbo ya ce shi abu ɗaya ya kawo shi majalisa, kwalbati, kuma wallahi bai taɓa ƙara na biyu ba.

Sai ya ratso rafin nan bai naɗe wando ba, ya shigo caɓal-caɓal, ya tsaya tsakiyar sabon kafet ɗin ciyaman yana ɗiga. Ciyaman ya dafe kai.

"Haba Malam Labbo! Ba ka naɗe wandonka?"

"Ranka shi daɗe, in na naɗe, wa za ya tuna maka akwai rafi?"

To damina ta wuce, na ce alhamdulillahi, na huta. Ina! Ranar wani zama, ana tsakiyar zafin bazara, na zagaya bayan sakatariya sai ga mutumina da buta, yana tsiyaya wa ƙafafun wandonsa ruwa a tsanake.

Na ce, "Labbo, mi nike gani haka? Rafin da ko tsuntsu ba ya samun na sha?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Rafi na hutu, Garba. Ni ba a zaɓe ni hutu ba. Matsa, kar in jiƙa ka tun yanzu."

Kuma duk ƙudirin da aka kawo, sai ya san yadda ya ja shi zuwa bakin rafi. In maganar allurar shanu ce, ya ce ya goyi baya, amma mai allurar ta ina zai bi? In shataletalen da ciyaman ya ƙwallafa rai a kai ne, a garin da motocinsa duk mun san direbobinsu da suna, ya ce a yi, amma motar in ta gama kewaye-kewayenta ta zo Tunga ya gani. Har ranar da kawun ciyaman ya rasu, muna tashi ɗaya bayan ɗaya muna ta'aziyya, ina jan rigar Labbo ina cewa ka yi wa Allah ka zauna, sai da ya miƙe.

"Allah shi jiƙan shi. An samu kai shi asibiti dai ko?"

Ciyaman ya ce an kai shi har asibitin Ƙaura.

"Madalla. Mu namu bakin rafi suke cikawa."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma ba wanda ya ce masa ƙarya yake.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, ciyaman ya tsayar da gemu, ya kira zama a kan hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, ya gayyato limamin Juma'a don abin ya yi armashi. Kowa ya yi jawabi, kowa ya fi wani tsoron Allah. Sai Labbo ya ɗaga hannu, ya ce shi yau ba da ciyaman zai yi ba, fatawa yake nema.

"Malam, namiji shi ɗauki matar wani bisa babur, bai dace ba ko?"

Liman ya ce bai dace ba.

"To in babu babur ɗin fa? Shi ɗauko ta bisa wuyanai, tana riƙe da kainai, zanenta jiƙe?"

"Subhanallahi! Ina ake wanga?"

"Mazaɓata, Malam. Duk damina."

Liman ya shafa gemu. Can ya ce wannan larura ce, babu laifi a kan matan, babu a kan masu ɗaukarsu. Laifin yana kan wanda Allah ya ba ikon kawar da larurar bai kawar ba. Yana faɗa yana juyawa a hankali, har idonsa ya sauka kan ciyaman. Jama'a, ban taɓa ganin mutum ya yi gumi ƙarƙashin fanka irin na ranar ba.

Nan take aka kaɗa ƙuri'a a kan kwalbatin Labbo. Manyan jam'iyyarmu sun riga sun ja mini kunne kada in goyi bayan abin da zai ɗaga 'yan adawa irin su Labbo, amma hannu biyu na ɗaga. Da suka tsare ni, na ce su zo su zauna bencin nan wata ɗaya, sannan mu yi magana.

An yi kwalbati kafin wata daminar. Shi kuma Labbo ya faɗi zaɓe na gaba warwas, don da mutanensa suka tambaye shi me zai yi musu, cewa ya yi, "Ai na yi." Suka ce sai kuma me? Ya ce ba shi da wani. Ya koma gonar geronsa, ko a jikinsa.

Ciwon ajalinsa cikin watan Agusta ya zo. Ɗansa Sani ya aiko mini, na ɗauko mota ana sheƙa ruwa, muka je har ƙofar gidansa. Muka kwantar da shi a baya, numfashi da ƙyar. Muna hawa kwalbatin sai ya buɗe ido ya ce direba ya tsaya. Rafin ya cika maƙil, yana ta ruri a ƙarƙashinmu.

"Garba, ka ji shi? Yana ta faɗa, babu mai kula shi."

Muka haye. Sai ya ce, "Koma baya, mu sake."

Sani ya ce, "Baba, asibiti za mu fa!"

"Na sani. Ai yanzu muna isa. Koma baya."

Direba ya dube ni, na ce masa ya koma. Muka sake hayewa sannu-sannu, Labbo yana dariya ba sauti, ni kuwa na juya fuska waje don kada ya ga hawayena ya samu abin tsokana. Mun isa Ƙaura da shi da ransa, likita ya duba shi, kuma a kan gadon asibiti ya cika, Sani yana riƙe da hannunsa.

Ina kewarsa, wallahi ina kewarsa. Allah ya jiƙan Labbo, ya yafe masa, ya sawwaƙe masa hayewar siraɗi kamar yadda ya sawwaƙe wa mutanensa hanya. Amin.