Mai Bayarwa da Mai Karɓa a Lamba Bakwai

Na bar aikin gadi saboda injin markaɗe da na ba kaina da hannuna.

Ni mutumin Borno ne. Da ƙafa muka fito daga garinmu, ni da matata da yara biyu. Abin da muka gani a hanya ba zan faɗa ba. Muka sauka Gombe, muka kama ɗaki a unguwar Malam Inna. Na samu gadi a wani kamfanin ruwan gora. Shekara shida ina buɗe ƙofa ina rufewa.

A garinmu matata tana da injin markaɗe. Can muka baro shi. Ba ta taɓa yi mini maganar gida ko gona ba, sai injin. Duk ranar da mai unguwa ya ce ana rubuta 'yan gudun hijira, sai ta tura ni. Sunana ya shiga takardu da yawa. Sau ɗaya muka samu gidan sauro.

Kamfaninmu yana da rana ɗaya a shekara ta taimakon al'umma. Ma'aikata su sa riga shuɗiya, su je su share kasuwa ko su yi wa makaranta fenti, a ɗauki hoto. Masu gadi ba ma zuwa. A wannan shekarar umarni ya zo daga Legas cewa kowa ya fita, har mai shara. Aka ba ni riga. Ta yi mini kaɗan.

Ran Asabar mota ta tsaya a wani fili, sai na ga unguwarmu ce. Injin markaɗe goma za a raba. Ni da direba muka sauke su. Direban Bafulatani ne, kullum sai ya ce ni bawansa ne, ni kuma in ce kakana ne ya koya wa kakansa sa wando.

Hajiyar da ke kula da shirin ta ba kowane ma'aikaci lamba. Ni bakwai. Mai bayarwa ya tsaya dama, mai karɓa hagu, su riƙe injin tare, a ɗauka. Aka yi shida lafiya. Na tsaya a dama. Mai unguwa ya duba takarda ya kira sunana.

Hajiya ta ce, “Ina lamba bakwai?”

Na ce, “Ga ni.”

“Baba, kai na san da kai. Mai karɓa nake nema.”

“Ga ni, ranki ya daɗe.”

Na hango matata cikin mata, ta ɗora hannu a ka. Ba ni take kallo ba, injin take kallo.

Hajiya ta ce a sauya suna, mai unguwa ya ce takarda ta riga ta tafi Legas. Ta ce wani ma'aikaci ya miƙa mini, aka ce to ni ban bayar ba ke nan, kuma umarni kowa ya bayar. Mai hoto ne ya raba gardama. Ya tsayar da ni a dama da riga shuɗiya, ya ce in yi dariya. Na yi. Ya ce in cire, in sa tsohuwar rigata, in koma hagu, in ɗan nuna wahala a fuska. Direba ya ce kada ya wahalar da kansa, Babarbare haka aka haife shi.

Aka haɗa hotunan biyu a kwamfuta suka zama hoto ɗaya. Aka buga shi babba, aka rataye a bakin ƙofa, daidai saman bencina. A hoton, ni ina ba ni inji.

Bayan sati uku mai bincike ya zo daga Legas. Na buɗe masa ƙofa. Ya ga hoton, ya dubi na dama, ya dubi na hagu, ya dube ni. Direba yana ta raɗa mini in ce 'yan biyu ne mu. Mutumin ya tambaya. Na ce ni kaɗai uwata ta haifa ranar.

Manaja ya kira ni. Ya ce dokar kamfani ta hana ma'aikaci karɓar abin da kamfani ya raba. Ko in dawo da injin, ko in ajiye aiki. Na tuna daren farko matata ta wanke injin sau biyu, ga shi sabo. Na ce a kawo takarda.

Sai da suka yi shawara kan lokacin da za a rubuta. In an ce kafin Asabar na ajiye, ba ma'aikaci ne ya bayar ba. In an ce bayanta, ma'aikaci ne ya karɓa. Aka rubuta cewa na ajiye aiki ran Asabar, tsakanin hoto na farko da na biyu. Na dangwala yatsa.

Na tambayi kuɗin sati ukun da na yi ina gadi bayan nan. Manaja ya ce wannan aikin sa kai ne. Har takardar yabo suka ba ni.

Yanzu ina Malam Inna, a rumfar kwano ƙofar gida. Ita ke zuba wake da tattasai, ni ke jan igiya in tayar da injin. Muna buɗewa bayan sallar asuba.