Turmin Umma da Fim ɗin Italiya

Sau ɗaya Umma ta taɓa yin yaji, kuma tafiyar ba ta wuce hawa bene ba. A gida, mace in ta yi fushi gidan iyayenta take nufa, amma mu a unguwar Karantina muke, cikin Jidda, iyayenta kuwa suna Haɗeja, ga teku a tsakani. Sai ta ƙulle zannuwanta a ɗankwali, ta ɗauki butarta, ta hau sama wajen tsohuwar da muke kira Khala, wadda suka zo aikin Hajji tare suka zauna tare. Daga ɗakinmu muna jin takunta a saman kanmu.

Turmi ne ya jawo. Baba direba ne a wani gida a Abhur, matar kafilinsa, wato maigidan da yake yi wa aiki, ta ba shi tsohon injin markaɗe, ya shigo da shi yana washe baki. Don ya nuna an ci gaba, washegari ya ɗauki turmin Umma ya ba wani abokinsa da ya yi sabon aure a Ammariyya, ko tambaya bai yi ba. Turmin nan na mahaifiyarta ne. A cikinsa ta cusa kayanta ranar da ta baro gida, kuma duk ƙaurar da muka yi a Jidda shi ake fara ɗauka kafin katifa. Da ta dawo daga kasuwa ta ga wurinsa wayam, ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Umma mai faɗa na sani, wannan mai shirun ban taɓa gani ba.

Baba ya ce bai yi laifi ba, don haka ba zai je biko ba. Umma ta ce ita ba kaza ba ce da za ta dawo akurki don magariba ta yi. Ni kuwa, da shekara ashirin da 'yan kai, na zama 'yar aike tsakanin sama da ƙasa. Da farko abin dariya ne. Da ya wuce mako, na ji Khala tana tambayar wani mai shirin komawa gida yadda ake yin takardun tafiya, sai dariyar ta ɗauke mini. Na san Umma, in ta hau jirgi ba za ta dawo ba.

A cikin kwanakin nan ne wata tasha mai nuna tsofaffin finafinai ta saka wani fim na Italiya, baƙi da fari, da fassarar Larabci a ƙasa. Ranar Juma'a ce bayan la'asar, matan gidan sun taru a ɗakin Khala saboda fankarta ta fi ta kowa ƙarfi. Ni aka haifa a nan, ni na yi makaranta, don haka ni ce mai fassara. Hausata a lokacin tana ɗingishi, in ta gaza sai in jingina da Larabci, su kuma su gyara mini da ihu.

A farkon fim ɗin an rubuta cewa asalinsa wasan kwaikwayo ne na dandali. Ban da wannan bayani da ba mu gane abin da ya sa mutanen ba sa zuwa ko'ina ba. Gida ɗaya, matakala ɗaya, baranda mai shanya. Khala ta ce, "Waɗannan ba su da iƙama ne, takardar zaman ƙasa? Ko kasuwa ba sa leƙawa." Wata kuma tana ta jiran a yi waƙa da rawa kamar na Indiya, har ta gaji ta kama gyaran alayyafo.

Labarin wata mawaƙiya ce da ta bar waƙa ta auri ma'aikacin tashar jirgin ruwa. Bayan shekaru ta gano cewa masu gidan waƙa sun taɓa zuwa nemanta, mijin ya kore su, bai faɗa mata ba. Ta haɗa akwati, ta hau bene wajen yayarta. Nan kowa a ɗakin ya ƙi kallon Umma. Khala ce kawai ta ce, "Ashe su ma suna yaji."

Wahalata ta fara lokacin da mijin ya soma magana. Mutumin nan yana dafe ƙirji, yana hawaye, yana zuba kalaman da ban isa in maimaita a gaban uwata ba. Layi yana bin layi a ƙasan allo, ni kuwa na sunkuyar da kai na ce, "Ya ce ta yi haƙuri."

"Duk wannan dogon zancen?" in ji Khala. "Ya bint, ke yarinya, ki ji tsoron Allah, ki ba mu abinmu cikakke."

"Ya ce tun da ta tafi gidan ya zama kamar ba rufi."

Umma ta taɓe baki, amma na ga ta daina jan carbi.

A ƙarshe mutumin ya zo ƙarƙashin baranda da furanni, ya ɗaga kai, ya kwaɗa kiran sunan matarsa har maƙwabta suka buɗe tagogi. Matan ɗakin suka yi caa. Wane irin biko ne wannan, ba dattijo, ba goro, mutum shi kaɗai da ciyawa a hannu? Ga kiran suna a titi kamar mai talla. Baba dai tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunan Umma a bakinsa ba, sai "ke" ko "ina mutanen gidan". Amma da matar ta sauko matakala a guje, ta faɗa jikinsa, waɗannan masu zagin su ne suka kama share ido da bakin mayafi. Umma ta ce hayaƙin turare ne ya shigar mata ido.

Da na sauka, na tarar da Baba zaune da burodin tamis da waken shago, abincinsa ke nan tun da aka fara rigimar. Ya tambaye ni, kamar ba ruwansa, ihun me ake yi a sama. Na ba shi labari. Washegari da rana tashar ta maimaita fim ɗin, sai ga shi ya dawo da wuri, wai motar tana gareji. Ya kunna talabijin, wai yana duba ko tashoshin sun gyaru. Larabcin Baba na baki garau yake, amma rubutun yana gudu ya bar shi, dole ya ce, "Zo ki karanta mini, idona ba ya gani sosai."

Fassara wa uba kalaman soyayya, wannan ban yi wa maƙiyina fata ba. Na ƙura wa bango ido ina karantawa kamar mai hadda. Shi kuma yana ta sharhi: mutumin ba shi da kunya, gashin bakinsa ma na marasa kunya ne. Da aka zo wurin baranda sai ya matso da kujera.

"To, ta sauko?"

"Yanzu za ka gani, Baba."

Ya gani. Ya kashe talabijin, ya ce, "Halas, shi ke nan," ya saka takalmi ya fita.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar, ina sama ina taya Khala tsince shinkafa, muka ji hayaniyar yara a lungu. Na leƙa ta baranda. Baba ne tafe cikin farar jallabiyarsa ta Juma'a, da turmin Umma a kafaɗa, an cika bakinsa da jajayen furannin da ya yanko daga katangar gidan kafilinsa, ƙayoyin duk sun karce masa hannu. A gefensa ga limamin masallacin lungunmu riƙe da ƙullin goro. Baba dai bai yarda ya dogara da hanyar Italiya ita kaɗai ba, ya haɗa da ta gida.

Liman ya gyara murya zai yi sallama a shigo kamar yadda aka saba. Baba ya riƙe hannunsa, ya ajiye turmin a ƙasa, ya ɗaga kai. Sai ya kira sunan Umma. Muryar ta fito a shaƙe, har mai shagon kusurwa ya ce, "Na'am?" Ya sake kira, wannan karon duk lungun ya ji. Liman ya ja rawani ya rufe fuska yana salati, tagogi suka buɗe, wata 'yar Nijar ta saki guɗa. Ni kuwa dariya da kuka suka haɗe mini, daɗi ya cika ni.

Umma ba ta sauka a guje ba, gwiwoyinta ba za su yarda ba, kuma ba halinta ba ne. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta ɗauki butarta, ta sauka a hankali tana riƙe bango. Ba ta kalli Baba ba. Ta gaishe da liman, ta zare furannin ta miƙa mini, ta karkata turmin tana shafa gindinsa ko ya tsage.

"Wa ya ce ka kira ni a titi kamar mai sayar da gawayi?"

"Yalla, mu shiga, mutane na kallo," in ji Baba, gumi yana zuba.

Da magariba ta gabato aka ji daka a gidanmu. Injin markaɗen kuwa ya koma saman firji, a cikin kofinsa na saka furannin da ruwa.

An rushe Karantina tun tuni, barandar da matakalar duk sun tafi, mun koma wata unguwa, kuma turmin ne ya fara shiga mota. Baba bai sake kiran sunanta ba, ya koma "ke" ɗinsa. Amma har yau, in ya kira ta haka daga falo, wani lokacin Umma takan ci gaba da aikinta a kicin, ta ce mini da ƙarfi yadda zai ji, "Ki gaya masa ya san sunana."